Labulen Wanka na Banɗaki: A Ɗinka da Atamfa, da Foliyesta, ko a Sayi na Leda?

Yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a biranenmu suna da banɗaki a cikin ɗaki, inda shawa da masai da wurin wanke hannu suke a fili ɗaya da bai wuce taku uku ko huɗu ba. Idan mutum ɗaya ya yi wanka, ruwa yakan fantsama a kan murfin masai, ya jiƙa tawul ɗin da aka rataye, ya malale har bakin ƙofa, sannan tayil ya yi santsin da yake haɗari ne na gaske ga tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara. Labulen da zai raba wurin wanka da sauran banɗakin shi ne hanya mafi sauƙi ta magance wannan, domin ba ya buƙatar magini ko mai aikin gilashi, kuma ɗan haya zai iya cire abinsa ya tafi da shi ranar da zai tashi. Abin da ya rage a tantance shi ne irin labulen: na leda da ake sayarwa a shirye, ko na yadi da za a ɗinka a gida ko wurin tela, kuma idan na yadi ne, wane irin yadi.

Kafin a je kasuwa, ya kamata a tsaya a dubi banɗakin kansa, domin shi ne zai yanke rabin hukuncin. Banɗakin da yake da taga wadda ake buɗewa iska ta ratsa ya bambanta ƙwarai da wanda aka matse a tsakiyar gini, ba shi da mafitar iska sai ƙofarsa. Haka kuma wanda yake wanka da shawa mai ƙarfi, wadda ruwanta yake dukan labule kai tsaye, buƙatarsa ba ɗaya ba ce da ta mai wanka da bokiti, wanda fallatsi kawai yake son tarewa. Garin da mutum yake ma yana da tasiri. A Kano ko Katsina ko Damagaram, lokacin hunturu iska takan bushe har yadi mai kauri ya sha iska cikin ɗan lokaci, sai a watannin Yuli da Agusta ne laima take zama matsala. Amma mazaunin Legas ko Fatakwal, ko zangon Kumasi da Ankara, kusan duk shekara yana cikin laima, kuma abin da ya yi wa ɗan'uwansa na Arewa daidai ba lallai ne ya yi masa ba.

Labulen leda shi ne mafi arha a saye na farko, kuma ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, wannan gaskiyarsa ce da ba za a ƙwace masa ba. Sai dai ledar iri biyu ce. Akwai ta PVC, wadda ake gane ta da wani wari mai ƙarfi da yake tashi da zarar an buɗe ƙunshinta, warin da yake fitowa daga sinadaran da ake zuba mata domin ta yi laushi. A shekarar 2008 wata ƙungiyar kare lafiya da muhalli a Amurka ta fitar da rahoton gwajin da ya nuna cewa sabon labulen PVC yana sakin sinadarai har 108 a cikin iska. An yi ta muhawara a kan ko yawan abin da yake fita ya isa ya cutar da mutum, amma a ganina ba hikima ba ce a rataye abu mai irin wannan wari a ƙaramin ɗaki marar taga, inda tururin ruwan zafi yake ƙara tayar da shi. Ɗaya nau'in, wanda ake rubuta PEVA a jikin ƙunshinsa, ba shi da sinadarin kulorin kuma warinsa kaɗan ne, saboda haka wanda ya ga lallai leda zai saya, shi ya fi dacewa ya nema. Dukansu biyu suna da rauni iri ɗaya: suna yagewa daga ramukan da zobba suke shiga, ba sa ɗinkuwa idan sun yage, zafin bazara yana sa wasunsu su riƙa mannewa, sanyin hunturu kuma yana sa su ƙandare su tsattsage a wuraren ninki. Ana kuma yawan zaton leda ba ta yin funfuna, alhali dattin sabulu da maiƙon jiki da suke taruwa a ƙasanta sun ishi funfuna abinci, kuma goge ta da soso a tsakanin ninki aiki ne mai cin rai. Ƙarshenta dai bola ce, ta ƙaru a kan ledojin da suka riga suka toshe mana magudanan ruwa.

Idan aka koma ga ɗinki, abin da zuciya take fara kawowa shi ne atamfa, kuma da dalili. Tana da kyau, ana samunta a ko'ina, daga Kantin Kwari har ƙaramin shagon unguwa, ba ta zamewa a ƙarƙashin keke, tana karɓar guga, kuma kusan kowace mace tana da turmin da ta ajiye bai shiga ɗinki ba. Matsalarta ita ce matsalar auduga gaba ɗaya, wato shan ruwa. Ko a cikin iska kawai, ba tare da an jiƙa ta ba, auduga takan riƙe laimar da ta kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, yayin da foliyesta, wato yadin roba, bai kai ko kashi 1 ba. Idan ruwan shawa ya bugi atamfar auduga, ba za ta bar shi ya wuce da ƙarfi ba, za ta dai tare feshin, amma za ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, ta riƙa ɗiga, sannan ta ɗauki sa'o'i kafin ta bushe. A gidan da mutum biyar ko shida suke wanka a banɗaki ɗaya safe da yamma, labulen ba zai taɓa samun damar bushewa sosai ba a lokacin damina, kuma cikin 'yan makonni za a fara ganin ɗigo-ɗigon baƙi a kalmasar ƙasa, tare da warin rima da yake bin tawul da kayan sawa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, maganin funfuna mafi ƙarfi, wato ruwan bilic irin su Hypo da Jik, yana cinye launin atamfa, don haka idan tabon ya kama, zaɓi biyu ne kawai, a zauna da tabo ko a zauna da koɗaɗɗen labule. Akwai kuma batun zuba: atamfar da ba ta riƙe rininta ba za ta iya barin shatin shuɗi ko ja a layukan simintin da ke tsakanin tayil, wanda yake da wuyar fita.

Farin yadin auduga, irin su akoko da alawayyo, ko tsohon farin zanin gado mai kauri, ya fi atamfa dacewa idan auduga ce kaɗai za a rataye, domin yana jure wanki da ruwan zafi da ɗan bilic da aka sirka. Zanin gado babba yana da ƙarin fa'ida, faɗinsa ya isa a yanke labule guda ba tare da an haɗa ƙyalle biyu ba. Yadin kyambas mai kauri kuwa zarensa yana kumbura idan ya jiƙe, ya toshe ƙofofin saƙar, ta yadda ruwa ba ya wucewa da sauƙi, amma nauyinsa idan ya sha ruwa yana iya lanƙwasa siririyar sanda, kuma ya fi kowanne jinkirin bushewa. Lilin na asali yana bushewa da sauri fiye da auduga kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa idan ya jiƙe, sai dai tsadarsa ta wuce abin da ya kamata a kashe wa banɗaki, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunansa gauraye ne.

Yadin foliyesta, wanda a kasuwa aka fi kiransa yadin roba, shi ne nake ganin ya fi cancanta ya fuskanci ruwa kai tsaye. Zarensa ba ya shan ruwa, ruwan yana tsayawa ne a tsakanin saƙa ya gangara, kuma idan aka baza labulen bayan wanka yakan bushe kafin mai wanka na gaba ya shigo. Ba ya raguwa a wanki, ba ya yamutsewa sosai, funfuna ba ta cin zarensa sai dai dattin da ya kwanta a kansa, wanda wanki da omo yake fitarwa. Ana samunsa a siffofi da dama: yadin shafi mai santsi da teloli suke sa wa riguna a ciki, yadin da ake yin lema da rigar ruwa, da kuma atamfar roba. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Atamfar roba ita ce wadda mata suke gudu a kayan sawa saboda ba ta shan gumi kuma tana riƙe zafi, amma wannan halin nata shi ne ainihin abin da ake nema a labulen wanka. Tana da zane da launi irin na atamfa, tana da arha, ba ta cika zuba ba, kuma tana bushewa da wuri. Wanda yake son kyan atamfa a banɗaki marar taga, ita ce amsarsa. Hanyar tabbatarwa ita ce a yanki ɗan ƙyalle daga gefe a kusantar da shi ga ashana a waje, da ruwa a kusa: auduga tana ci da wuta, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi, foliyesta kuwa yana ƙanƙancewa ya narke ya bar dunƙule mai tauri. Idan aka ga toka da dunƙule tare, yadin gauraye ne, kuma halinsa zai tsaya a tsakani.

Foliyesta ma yana da nasa aibin, kuma gara a san shi tun kafin a yanka. Mai santsin yana zamewa lokacin yanka da ɗinki, bakinsa yana warwarewa, zafin dutsen guga mai yawa yana narkar da shi, kuma idan saƙarsa ba ta matse ba, ruwan shawa mai ƙarfi zai iya ratsawa a matsayin ɗan feshi. Don haka a ɗaga yadin a duba shi ta wajen haske a shago, wanda ake hango hasken rana ta ƙofofinsa sosai a bar shi. Nailan yana kusa da foliyesta a hali kuma yana da ƙarfi, amma yana ɗan shan ruwa fiye da shi, bilic kuma yana mayar da shi rawaya. Babban abin da yake damun mutane da yadi marar nauyi shi ne yadda yake shigowa ciki ya manne wa mai wanka a jiki. Wannan ba laifin ɗinki ba ne. A shekarar 2001 wani malami a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, David Schmidt, ya yi amfani da kwamfuta ya kwaikwayi motsin iska a wurin wanka, ya nuna cewa feshin ruwan yana haifar da wata 'yar guguwa mai juyawa wadda take jawo labule zuwa cikinta. Maganinsa nauyi ne a ƙasa: a yi kalmasa mai faɗi, a ɗinka ƙananan aljihuna a kusurwoyi biyu da tsakiya, a zuba musu tsakuwa mai sulɓi ko ƙwallayen gilashi na wasan yara. Kada a sa ƙusa ko wani ƙarfe, domin tsatsa za ta ɓullo ta jikin yadin.

Tsarin da ya haɗa amfanin ɓangarorin biyu shi ne labule biyu a kan zobba ɗaya, atamfar auduga ta waje domin ado, farin foliyesta na ciki domin tare ruwa. Na cikin ya sauka ta cikin ɗan tudun simintin da ya kewaye wurin wanka, ko cikin bahon wanka idan akwai, na wajen kuma ya sauka ta waje inda ruwa ba ya isa gare shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗinke su tare kamar riga da shafinta. Idan aka yi haka, laima takan maƙale a tsakaninsu inda iska ba ta shiga, kuma ba za a iya wanke na cikin da bilic ba tare da an lalata na wajen ba. A bar kowanne da ramukansa, su haɗu a zobe kawai, ta yadda za a cire na ciki a wanke shi duk bayan mako biyu ko uku, na wajen kuma sau ɗaya a wata biyu. Wannan tsari ya fi kowanne cin kuɗi da aiki a farko, amma shi ne wanda ya fi daɗewa, domin abin da yake lalacewa shi ne na ciki, kuma shi ne mai arhar. Ina ba da shawararsa ga banɗaki mai taga, ko na baƙi da ba a yawan shiga. Ga banɗaki marar taga da iyali suke amfani da shi kullum, labule ɗaya na foliyesta ko atamfar roba ya fi, domin ƙara ƙyalle na biyu ƙara abin da zai riƙe laima ne. Mai wanka da bokiti a garin da iskarsa take bushe zai iya wadatuwa da farin zanin gado guda, muddin ƙasansa ba ta taɓa ruwan da ya kwanta a daɓe ba.

Lissafin yadi yana daga cikin abin da zai iya karkatar da zaɓi. Girman da aka saba yi wa labulen wanka shi ne inci 72 faɗi da inci 72 tsawo, wato kusan santimita 183 kowane gefe, da ramuka 12 a sama, kuma an tsara shi ne domin sanda mai tsawon inci 60. Ƙa'idar ita ce labule ya fi sanda faɗi da kimanin inci 12, domin ya rufe gefe da gefe ba tare da an ja shi ya miƙe ba. Domin a sami wannan girma, sai a yanki inci 76 a faɗi, saboda kalmasar gefe ta inci 1 da za a ninka sau biyu a kowane ɓangare, da inci 82 a tsawo, inda inci 6 za su tafi a ninkin sama, inci 4 a na ƙasa. Faɗin atamfa bai cika wuce inci 46 zuwa 48 ba, don haka dole a haɗa ƙyalle biyu masu tsawon inci 82, wanda ya kama yadi 4 da rabi da 'yan kai. Turmi ɗaya mai yadi 6 ya isa har da saura, sai dai idan zanen manya ne da ake son su dace da juna a wurin haɗi, a nan saurar za ta iya ƙarewa. Yadin foliyesta yakan zo da faɗin inci 58 zuwa 60, saboda haka idan faɗin wurin wankan bai wuce inci 42 zuwa 44 ba, faɗi ɗaya ya isa ba tare da haɗi ba, kuma rashin haɗi riba ce, domin layin ɗinki shi ne wurin da datti yake fara taruwa. Duk yadin da yake da auduga a ciki a wanke shi a shanya a goge kafin a sa masa almakashi, domin sitatinsa ya fita kuma ya gama raguwar da zai yi, in ba haka ba labulen da aka auna daidai zai koma gajere bayan wankin farko.

A wajen ɗinki, zaren foliyesta za a yi amfani da shi ko da yadin auduga ne, domin zaren auduga yana ruɓewa a wurin da yake jiƙe kullum. Allura mai lamba 14 ta dace da atamfa, mai lamba 11 ta fi dacewa da siririn foliyesta, mai lamba 16 kuma sai kyambas. Wurin haɗa ƙyallen biyu a yi ɗinkin da yake ɓoye bakin yadi a ciki, irin wanda ake gani a gefen wandon jins, domin kada zare ya riƙa warwarewa yana riƙe ruwa. Ninkin sama shi ne yake ɗaukar dukan nauyi da jan da ake yi wa labule, don haka yana da kyau a sa masa wani dogon ƙyalle mai ƙarfi a ciki. Ramukan farko da na ƙarshe su kasance inci 1 daga gefe, sauran goman kuma a raba su daidai, wanda zai ba da tazarar inci 6 da ɗan ɗoriya tsakanin kowane biyu. A nan ma akwai zaɓi. Ƙofar maɓalli ta zare ba ta tsatsa kuma ba ta buƙatar sayen komai, amma baƙin keken Butterfly da ya fi yawa a gidajenmu ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, sai an kai wa telan da yake da keken da yake yin ƙofar maɓalli, ko a zauna a yi ta da hannu. Zoben ƙarfe irin na bakin tamfol ya fi ƙarfi, kuma masu ɗinkin tamfol da masu gyaran jaka suna da abin buga shi, sai dai a tabbatar na tagulla ne ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin na gama-gari yakan zubar da jan shati a yadi cikin damina ɗaya. Hanya ta uku, wadda ta fi sauƙi ga mai keken gida, ita ce a ɗinka madaukai 12 na siririn tef ɗin nailan a bayan ninkin sama, zobba su shiga cikinsu. Hanyar da ba na so ita ce a yi ninkin da sanda take shiga kai tsaye kamar labulen taga, domin jiƙaƙƙen yadi ba ya tafiya a kan sanda, kuma duk lokacin wanki sai an sauke sandar.

Kowane iri aka zaɓa, a rataye shi yadda ƙasansa za ta tsaya inci 1 ko 2 sama da daɓe, kuma a koya wa mutanen gida su baza shi gaba ɗaya bayan wanka maimakon su tattara shi gefe guda, domin a cikin ninki ne funfuna take farawa. Inda ruwan rijiyar burtsatse yake barin farin gishiri-gishiri a yadi, jiƙa shi a ruwan da aka zuba wa ruwan kal ko lemon tsami yana narkar da shi. Amma kada a taɓa haɗa ruwan kal ko wani abin wanke masai mai tsami da bilic a bokiti ɗaya, domin haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda a ƙaramin banɗaki za ta iya sarƙe numfashi nan take. Idan ana buƙatar duka biyun, a yi ɗaya, a ɗauraye labulen da ruwa mai yawa, sannan a yi ɗayan a wata rana, a tsakar gida inda iska take kaɗawa.